Jan Farce a Ƙafar Injin Niƙa

Ranar da aka ce an kawo goron neman aurena a garinmu Ƙarfi, kuma mai neman sojan ruwa ne, tambayar farko da gwaggona ta yi ita ce, "A wane ruwan?" Ba ta yi laifi ba. Mutumin Funtua ne gaba da baya, mu kuma duk faɗin ƙasarmu ruwan da muka sani bai wuce na rafi da damina ba, sai na dam. Ƙannena maza sun ɗauka yini yake yi a ƙarƙashin ruwa da bindiga a hannu. Ni kaina ban san takamaiman aikinsa ba, kunya kuma ba ta bar ni na tambaya ba.

Babanmu ne ya tambayar mana. Bayan biki, da maigidana ya samu hutu, muka je gaisuwa. Baba yana zaune a inuwar ɗorawar ƙofar gida yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Maigidana ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa, ni kuwa na raɓe a bakin zaure ina saurare. Da aka gama gaishe-gaishe Baba ya ce, "Ni kam, me kuke yi a cikin ruwan nan? Kullum yaƙi?"

"A'a, Baba, Allah ya kiyaye. Ni aikina duba jikin jirgi. Ina neman inda ƙarfe ya gaji."

Baba ya ajiye fartanya. "Ƙarfe ya yi me?"

Maigidana ya waiga ya kwanto wata guntuwar waya da aka ɗaure danga da ita, ya miƙa da hannu biyu, ya ce Baba ya ja ya tsinka. Baba ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, waya ko gezau. Sai maigidana ya karɓa ya shiga lanƙwasa ta gaba da baya, a hankali, ba da wani ƙarfi ba. Can sai ga waya ta rabu biyu a hannunsa.

"Haka ruwa yake yi wa jirgi, Baba. Ya ɗaga shi ya sauke, ya ɗaga ya sauke, shekara da shekaru. Ba bugu ɗaya ke karya shi ba."

"To ku riƙa barin sa yana hutawa mana. Ko shanun huɗa ai ana kwance musu karkiya."

"Wannan gajiyar, Baba, hutu ba ya maganinta. Inda ta tsaya yau, daga nan za ta ɗora gobe."

Baba ya juya guntayen wayar a tafinsa, ya yi dariya har da tari. "Ikon Allah! Ashe akwai mai fita neman gajiya. Mu nan ita ke nemo mu." Tun daga ranar har Allah ya yi masa rasuwa, likitan ƙarfe yake kiran surukinsa.

Daga baya na bi maigidana Legas, muka zauna a bariki. Wata rana da aka bar iyalai su shiga kallo, ya kai ni wurin da suke gyaran jirage. An shigar da wani jirgi cikin makeken ramin siminti an zuƙe ruwan, yana zaune a kan duwatsu kamar rumbu, sai dai wannan rumbun zai haɗiye unguwarmu. Ya nuna mini wata ƙaramar ƙofa a cikinsa, ya ce ta nan yake rarrafawa da tocila. Sai a lokacin na gane dalilin da gwiwar wandonsa take riga ko'ina mutuwa.

A hankali, wajen cin tuwo, na san sauran. Ya ce tsaga ba ta farawa a fili, sai a lungu, gefen walda ko kusurwar da nauyi ke taruwa, kuma da farko ta fi gashi siranta. Suna da wani jan ruwa da suke shafawa su goge, su fesa farar hoda, in akwai tsaga sai ja ya tsattsafo. Suna da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe ta saurari yadda zai dawo. Ya ce ƙananan jirage masu gudu, waɗanda ake ƙerawa da farin ƙarfen nan mara nauyi irin na tukwane, sun fi ba su aiki, ga ruwan gishiri da ke ƙara wa tsaga ƙaimi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce ba kowace tsaga ke hana jirgi fita ba. Wata sai a yi mata alama a inda ta tsaya, a auna, in jirgi ya dawo a sake aunawa. "Aikin ba gani ba ne kawai," in ji shi, "sa ido ne."

Da na samu ciki ya raka ni asibiti ɗaukar hoto. Ma'aikaciyar ta shafa mini wani mai mai sanyi, ta ɗora kan na'ura tana zagayawa. Ni na ƙagu in ji abin da za ta ce, shi kuwa ya miƙa wuya yana kallon abin da ke hannunta.

"Wallahi irin tamu ce," ya ce da ni. "Har man ma iri ɗaya."

Matar ta yi murmushi ta ce, "Biyu ne."

Ya ce, "Mu ma biyu gare mu a ofis, amma ɗaya ta lalace."

Sai da ta juyo da allon ta nuna masa kawuna biyu sannan ya nemi kujera. Yau 'yan biyun duk sun yi aure, amma in suna son su ga babansu ya sunkuyar da kai, sai ɗaya ta tambayi 'yar'uwarta wai cikinsu wace ce ta lalace.

Ni na riga shi dawowa Funtua, lokacin da yara suka isa shiga sakandare. Muka gina gida a bakin gari, wajen hanyar Maska. Zama haka nan bai karɓe ni ba, sai na sa injin niƙa a wata rumfa kusa da zaure. Ni ke jan igiyar in tayar da shi, ni ke zuba hatsi. Injin da maniƙar duk suna zaune ne a kan wani gado na ƙarfe mai ƙafafu, bel ya haɗa su. In yana aiki har ƙasa rawa take yi. Matan unguwa suka saba da ni, rumfata ta zama wurin hira, in dai za a iya kiran ihu a kunnen juna hira.

Sai ga shi ya yi ritaya ya dawo gaba ɗaya. Na yi murna ƙwarai, amma ba a yi nisa ba na gane mutumin da ya shekara talatin yana neman tsaga ba ya dainawa don an ba shi takardar sallama. Ya duba ƙyauren gida. Ya hau ya duba ƙarfen tankin ruwa. Ya kifa tukwanena a tsakar gida yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya da cokali, kunnensa a kusa kamar mai sayen tulu. Wani ludayin miya da na fi so ya ce wuyansa ya gama aiki. Na ce, "Baban 'yan biyu, ludayin nan ba teku za shi ba." Ya ce to. Ya sayi gona wajen Kafur don ya samu abin yi, amma ko can ɗin, in ji masu yi masa aiki, ya fi daɗewa a gindin garma fiye da cikin kunya.

Da kaka ta yi, masara da dawa suka shigo gida, aikin niƙa ya yi yawa har ba na samun zama. Wata safiya na fito na tarar da shi tsugune a bayan inji, da kwalbar kananzir da guntun alli irin na makaranta. Na san wannan tsugunon.

"Maman 'yan biyu, zo ki gani."

Ya shafa kananzir a inda aka yi waldar ƙafa ɗaya ta baya, wadda ke ɗauke da nauyin maniƙa. Ya bari ya jiƙa, ya goge tas, ya murza alli a wurin har ya yi fari fat. Muka zuba ido. Jim kaɗan sai ga wani siririn layi mai duhu ya fito cikin farin, kamar an ja shi da tsinin allura.

Na ce, "Don Allah kada ka ce in kashe inji. Kaka ce fa."

"Wa ya ce ki kashe? Ina jan farcen autarki?"

Auta ta kawo tana tura baki. Ya ɗiga ɗan ja daidai inda layin ya tsaya. Ya auna da ma'auninsa, ya yi lissafi a ka, sannan ya ja wani layi mai kauri can gaba.

"Ki yi aikinki. Za mu riƙa duba ta duk Juma'a. Muddin ba ta kai wannan layin ba, ƙarfen da ya rage zai riƙe. Ranar da ta taɓa shi kuwa, ko buhun wa ke gabanki, a tsaya. Kuma ki sani, tafiyar hawainiya take yi da farko, amma in ta kusa ƙarshe gudu take sawa."

Haka muka yi. Duk Juma'a in ya sauko daga masallaci, kafin ya ci abinci, sai mu tsuguna mu biyu a bayan inji. Ya koya mini shafawa da gogewa da murza alli, har hannuna ya faɗa. Wani makon ba ta motsa ba, wani makon ta ɗan matsa, sai a ƙara ɗigo. Ɗige-ɗigen suka jeru kamar an yi wa ƙarfen ado. Mata masu kawo niƙa suka samu abin tsokana. "Hajiya, injinki aure zai yi ne aka sa masa lalle?" Wata tsohuwa maƙwabciyarmu kuwa duk zuwa sai ta tambaya, "Yaya mai jiki?" In ce da sauƙi. Ban ɓoye ba, zaman nan na bayan inji ya yi mini daɗi. Shekaru da yawa aikinsa labari ne kawai a wurina, yanzu ga ni a cikinsa tsundum, kafaɗa da kafaɗa, muna warin kananzir.

Ana cikin haka wani tsohon abokin aikinsa zai aurar da ɗiya a Legas, ya shirya tafiya. Da zai fita ya ce tunda aiki ya yi yawa, kada in jira Juma'a, in riƙa dubawa kowace safiya kafin in ja igiya. Na ce na ji.

Ina da ƙawa tun ta ƙuruciya. Su Maguzawa ne, gonar babanta da ta babanmu iyaka ɗaya a Ƙarfi, tare muka yi roron gyaɗa da tsintar ɗorawa. Aure ya kai ta wata unguwar manoma wajen Maska, inda mijinta babban manomi ne. Ta aiko mini tun da wuri cewa za ta yi wa babban ɗanta aure, kuma ba injin da zai taɓa hatsin bikin sai nawa. Ranar da ta sa, hantsi bai gama ɗagawa ba na ji ƙarar amalanke a ƙofar gida. Ga buhunan dawa da masara jibge, ga ta zaune a sama da matan gidansu, ango da kansa ke kora shanun.

"Ƙawa!" ta ƙwala tun kafin ta sauko. "Tayar da dodon naki, yau ba zai huta ba!"

Muka rungume juna, na kawo musu ruwa da fura. Kafin su gama sha na zagaya baya da kwalbata da alli. Na shafa, na goge, na murza. Layin ya fito, ya wuce ɗigon jiya, ya ci gaba, ya je ya dafa jan layin nan mai kauri. Na ce ko ban goge da kyau ba ne. Na goge na sake. Haka dai.

Na daɗe a tsugune. Zuciyata tana cewa yau ɗaya ce, ƙarfen da ya kai jiya zai kai gobe, kuma da wane baki zan ce wa ƙawata ta juya da amalanke? Wayar hannuna tana cikin zanena, amma ban kira shi ba, don na san abin da zai ce kalma da kalma. Na ɗaga kai na dubi rumfar. Mata sun fara taruwa da kwanukansu, wata da goyo tana tsaye daidai saitin bel. In ƙafar nan ta ɓalle inji na gudu, ba wanda ya san inda maniƙa za ta faɗa.

Na miƙe na ce, "Ƙawa, zo ki ga abin kunya." Na nuna mata layin, na faɗa mata abin da yake nufi. Ta sunkuya ta ƙanƙance ido.

"Wannan ɗan zaren ne zai hana ɗana aure?"

"Ba zai hana ba. Amma sai an kai ƙarfen wurin mai walda."

Ta miƙe ta karkaɗe zane. "To ga amalanke, ga ƙato yana zaune yana shan fura. Mu kuma turmi bai mutu ba." Ta juya wajen matan gidansu. "Ku tashi! A fara surfe kafin mara lafiya ya dawo daga asibiti."

Ango da wasu maza biyu masu wucewa suka kwance noti, suka sauke inji da maniƙa gefe, aka ɗora gadon ƙarfen a amalanke. Na yafa mayafi na hau kusa da shi. Rabona da hawa amalanke tun ina budurwa. Muka ratsa cikin gari, 'yan acaɓa suna yi mana hon, ni ina riƙe da ƙafar ƙarfe mai jan farce kamar mai kai amarya.

Mai waldar dattijo ne, rumfarsa na bayan tasha. Ya duba ya ce, "Hajiya, in bi tsagar da wuta a sama, ko a yi mai gaba ɗaya?"

Na ce maigidana ya ce in aka rufe tsaga ta sama, tana nan da ranta a ciki.

"Gaskiyarsa. Yawanci gaggawa ke sa mutane su ce a lulluɓe. Bari mu yanke wurin mu sa sabo, mu ƙara masa majingini."

Da ya yanke guntun, sai ya ɗora shi a kan maƙera ya ɗan taɓa shi da guduma, taɓawar da ko gyaɗa ba za ta fasa ba. Ƙarfe ya rabu biyu. Ya miƙo mini. Kusan duk fuskar karayar ta yi duhu, ta yi sumul, da wasu layuka masu lanƙwasa a jere kamar cikin albasa in an yanka. Can gefe ɗaya ne kawai wani ɗan wuri ke ƙyalli, sabuwar karaya, bai fi ƙwayar wake ba. Abin da ke riƙe da maniƙata ke nan. Ango ya leƙa ya ce, "Kai!" Ni kuwa na ƙulle guntayen a bakin mayafina.

Tun daga kan kwana muka jiyo gidana. Turame sun fito daga maƙwabta, an jera su a ƙofar gida, matan Maska da matan unguwarmu sun haɗu ana lugude, ana cilla taɓarya sama a tafa a cafe. Ƙawata ce ke ba da waƙa, tana sa sunan injina a ciki, wai raggo ne ya ga aiki ya kwanta ciwo. Tsohuwar nan maƙwabciyarmu, wadda kullum take kukan baya, tana tsakiya tana rawa. Aka mayar da inji, na ja igiya, ya tashi, mata suka rangaɗa guɗa. Kafin rana ta faɗi mun niƙe komai, kowa ya yi fari har gira.

Da maigida ya dawo na kai masa ruwa. Ya yi wanka, na shimfiɗa tabarma, na jera kwanuka: tuwo, miya, da wani ƙaramin kwano mai murfi a gefe. Ya ɗauka nama ne. Ya buɗe, ya tsaya. Ya ɗauko guntun ƙarfen ya juya shi wajen haske, ya ga jan farcen, ya dube ni.

"Yaushe?"

Na ba shi labari tun daga amalanke har lugude. Ya tashi ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girman abu, ya shiga bin layukan nan da tsinken sakace. "Kin ga nan ta fara. Nan kuma kin ga sun yi kusa da juna, lokacin tana tafiya a hankali. Nan kaka ta kama, dubi yadda suka buɗe." Murna a fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Sai can ya ajiye, ya ce a hankali, "Da kin tayar da shi ranar nan, ban san abin da zan tarar ba. Sannu da aiki, Maman 'yan biyu." Na ce tuwo dai yana hucewa.

Ranar biki muka tafi tare. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar wata ƙatuwar tsamiya, nesa kaɗan da masu shan giya, aka kawo mana fura da naman rago da wani malamin ƙauyen ya yanka saboda baƙi irinmu. Tuwon kuwa ƙawata sai zagayawa take tana faɗa wa kowa daga injin wa ya fito. Mijinta ya zo gaishe mu, doguwar gaisuwa, sannan ya yi ƙasa da murya ya ce da maigidana, in ba damuwa, akwai wata 'yar ƙara da ƙafar amalankensa take yi tun bara.

Na ce, "Baban 'yan biyu, sabuwar shadda ce a jikinka."

Ya tuɓe babbar rigar ya ninke ya ɗora mini a cinya, hula a sama. Ina zaune ina kallo, shi da mai gidan da wasu dattawa suka nufi bayan rumbuna, wani yana cewa a nemo kananzir, wani yana tambaya ko toka za ta yi tunda ba alli. Makaɗa suka canza kiɗa, ƙawata ta zo ta kama hannuna. Na ce ina gadin riga. Ta ɗauke rigar ta rataye a reshen tsamiya, ta ja ni cikin mata.

Da yamma muka kamo hanyar Funtua da zakara biyu a bayan mota, da ƙullin daddawa, da baƙin mai a gwiwar sabon wandonsa.